Ranar da Jirgina Ya Sauka a Gidan Bukar Mai Banda

Da na iso ƙofar gidan Bulama, takalmina ɗaya a hannu, rimot yana lilo a wuyana, na tarar an riga an kifa wa jirgina kwandon kaji, an ɗora bulo biyu a kai don kada ya tashi ya gudu. Ta ramukan kwandon kana hango jar fitilarsa tana ƙiftawa. Mutane sun yi da'ira amma ba wanda ya matsa kusa. Ina kutsawa ciki sai na ji an damƙi wuyan rigata ta baya. Na waiga na ga Bukar mai banda ne, maƙwabcin Yaya Amina, mutumin da ko shekaranjiya sai da ya ƙunso mini kifi kyauta. Fuskarsa ta koma ta wani da ban taɓa sani ba.

"Naka ne?" ya ce.

Na ce nawa ne.

"To matata tana wanka ya sauka."

Ku 'ya'yan Yaya Amina, na san kun ji labarin nan a bakin yara, kuma na san yadda kuka ji shi: wai Kawu Habu ya sayi jirgi mai kamara don ya riƙa leƙen matan mutane a Gashua. Shi ya sa nake rubuta muku shi da hannuna. Ba wanke kaina zan yi ba. Akwai laifina a ciki, mai yawa ma, amma ba wanda ake faɗa ba ne, kuma gara ku san ainihin wanda na yi.

Ni dai kun san ni, ba na iya zama. A aji biyu na ƙaramar sakandare na bar makaranta a Nguru, ba korata aka yi ba, kawai wata rana na fita tara ban koma ba. Na bi kakanku wajen gini na wata bakwai, na koma gyaran waya, na ja napep, na sayar da ƙanƙara a tasha, na sake komawa gyaran waya. Kakarku takan ce, "Habu, tabarmar gidan nan har yau ba ta san nauyinka ba." Shi kuwa Baba ba ya cewa komai, sai dai ya dube ni ya ci gaba da wanke cebur ɗinsa, kuma wannan shirun ya fi faɗa ciwo. Jirgin nan wajen wani mai ɗaukar bidiyon biki na gan shi. Ya sayi sabo, tsohon yana ajiye a kwali, farfela ɗaya an ɗaure ta da gam. Su suna ce masa diron, ni dai jirgi nake ce masa. Na sayar da kayan gyaran wayata kaf na karɓe shi. Ranar da na fara tashinsa a bakin tafkin Nguru, na dubi wayar da ke maƙale a rimot, na ga wani ɗan baƙin ɗigo a kan yashi, sai da na ɗaga hannu na gane ni ne. Na ƙara hawa. Na ga inda layin dogo ya ƙare, na ga garin gaba ɗaya bai kai tabarmar salla ba, na ga kachala, ciyawar nan mai tsayi da ta cinye mana ruwa, ashe a cikinta akwai hanyoyi sirara kamar jijiyar bayan hannu, waɗansu suna tafiya su mutu, waɗansu su ɓulla wani wuri. Shekara ashirin da uku ina garin nan ban san haka yake ba. Wannan ne karo na farko da na tsaya wuri ɗaya har batir ya ƙare ban ji ƙafata tana ƙaiƙayi ba.

Daga nan na ɗora wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni. Na ce sai na bi ruwan nan da ido, guntu-guntu, daga Nguru har Gashua, in ga ta ina yake wucewa, ina yake toshewa. Duk ranar da na samu sarari sai in hau mota in sauka wani ƙauye, in gaida masunta, in tashi jirgi. Shekara guda cur ina yi. Ba ni da kwamfuta, saboda haka duk abin da na ɗauka yana cikin memori ɗaya, ɗan ƙanƙane kamar farcen ɗan yatsa.

Kuma kada ku zaci gangan nake yi. A ƙasarmu, bayan shekarun da aka sha, abin da ke ƙugi a sama ba abin wasa ba ne, kowa ya san haka. Ina da dokokina da na kafa wa kaina. Ba na matsawa kusa da bariki ko shingen bincike ko gada. Ba na bi ta kan kasuwa. Ba na bi ta kan shanu, tun ranar da wani dattijo makiyayi ya nuna mini yadda garkensa ya ɗaga kai gaba ɗaya, ya ce in na ƙara sauka kaɗan sai a Jakusko zai tsince su. Kafin in tashi sai na nuna wa mutanen wurin jirgin a hannu, su taɓa, su ga roba ce. A shekarar nan ne kuma aka fara maganar a rediyo, wai za a ƙara tsananta doka, kowane jirgi sai an yi masa rajista, sai an nemi izini kafin a tashi, wanda aka kama ba takarda a ƙwace. Mu 'yan tsirarun da ke da shi muka yi ta ƙorafi. Ni na fi kowa baki. Nakan ce ai doka don marasa hankali ake yinta, ni kuwa na riga na lissafa duk abin da zai iya faruwa.

Abin da ya kai ni Gashua a makon nan gardama ce. A majalisar ƙofar gidan Bukar, inda masu kifi ke zama, an daɗe ana musu a kan wani tsohon gurbin kogi da ke bayan gari. Tsofaffi sun ce da can ruwa ne mai zurfi, kifi har ba a iya cinye shi. Yanzu kachala ta zagaye shi kamar katanga, kwalekwale ba ya shiga, mutum ba ya ratsawa. Waɗansu suna cewa har yanzu akwai buɗaɗɗen ruwa a tsakiya, waɗansu suna cewa ya bushe tuntuni. Bukar yana cikin masu cewa akwai. Na ce musu su daina ɓata yawunsu, gobe da hantsi zan kawo musu amsa a waya.

To ga inda na yi kuskuren. Irin jirgina tsohon yayi ne, inda aka fara kunna shi ya kama tauraron ɗan'adam, nan yake riƙewa a matsayin gidansa. In ya rasa rimot ko batir ya yi ƙasa, ba ya shawara da kowa, sai ya hau sama ya miƙe ya koma can ya sauka. Na san wannan sarai. Amma da safen nan mahaifiyarku ta ce in nuna mata yadda fitilunsa ke yi, na kunna shi a tsakar gidanku, muka yi ta hira, na sa shi a jaka a kunne na taka zuwa bakin ruwa. Ban kashe na sake kunnawa ba. Na tashe shi lafiya, ya bi ta kan shinkafa, ya kai bakin kachala, ya shiga. Ina kallon kore, kore, kore, na fara ganin kamar launin yana canjawa a can saman hoton, sai wayar ta daskare. Ta rubuta cewa jirgi yana komawa gida. Na tsaya ina jiransa da murmushi, ina cewa ai ga amfanin abu mai hankali. Sai na ji ƙuginsa ya wuce ta kaina, can sama, bai ko rage gudu ba, ya nufi cikin gari. Nan na tuna. Na zura da gudu, takalmi ya tsinke. Shi kuma da ya je bai sauka daidai ba, ya kauce da 'yan taku, ya tsallake katangarku ya dira a gidan Bukar. Matarsa Yagana kwananta tara da haihuwa. Lokacin nan ne kuma ungozoma take yi mata wankan jego a bayan ɗaki, inda ba rufi.

Bulama ya fito ya zauna a kan kujerarsa, dattijo ne mai sanyin magana, ya sa Bukar ya sakar mini riga. Na tsuguna na bayar da bayanin nan duka kamar yadda na ba ku. Na yi maganar tauraro, na yi maganar batir. Ina yi ina jin yadda maganar ke faɗuwa ƙasa ba wanda ya ɗauka.

Bulama ya ce, "Yaro, tambaya ɗaya zan yi maka. Lokacin da yake saukowa, idonsa a buɗe yake?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban kashe ɗauka ba kafin ya ɓace mini."

"Wato ya ɗauka."

"Ban sani ba. Ya danganta da inda kamarar take kallo. Ni ban ga komai ba, wallahi, wayata a daskare take."

Wani daga baya ya ce, "Ji shi. Ɓarawo ma cewa yake hannunsa ne ya ɗauka."

Aka yi 'yar dariya, ban da Bukar.

Bulama ya ce an daɗe da ba su umarni, duk abin da ya tashi sama a unguwa su sanar da jami'an tsaro, kuma shi ba ya son ya zama wanda ya ɓoye. Da na ji haka na san in aka shiga da ni wajensu, tambayar ba za ta tsaya a kan wanka ba, sai an tambaye ni dalilin da ya sa nake da hoton ruwa da hanyoyi na shekara guda. Sannan ya tambaye ni ɗan wane ne ni a Nguru. Na ce ɗan Malam Isa ne. Ya ɗaga kai ya dubi zauren da ke bayansa, ya ce ai Malam Isa magini ne ya ɗora masa wannan. Ya ce a kira shi. Aka kira a wayata, aka sa kowa yana ji. Bayan sun gaisa, Bulama ya ba shi labari a taƙaice. 

Sai Baba ya ce, "Habu."

"Na'am, Baba."

"Ka aika an sanar kafin ka hau?"

Ku yaran yanzu wataƙila ba ku lura ba, amma magini na gaske ba ya taka tsani sai ya aika gidajen da ke kewaye an ce za a hau sama, mata su kintsa. In ya kai kan katanga ma sai ya ƙara ɗaga murya ya yi sallama, ya jira, sannan ya miƙe tsaye, kuma idonsa a kan bulo yake har ya sauko. Kakanku shekara arba'in yana yi, ko da gyaran indararo ne na minti biyu. Wata bakwai na yi a bayansa ina ji.

Na ce, "Baba, ai ni ban hau ba. Ƙafata tana ƙasa, a bakin kogi ma nake."

Ya ce, "Da ƙafa ake gani?"

 Ya ce wa Bulama duk hukuncin da ya yanke shi ya yarda, ya ba Bukar haƙuri da bakinsa, ya kashe. Ni kuwa ina tsugune ina mamakin kaina. Na lissafa bariki, na lissafa gada, na lissafa shanu. Na tashi a gidan da rabinsa ba rufi, na yi wanka a banɗakin da sama ce murfinsa tun ina yaro, amma ko sau ɗaya bai zo mini ba cewa katangar garinmu an gina ta ne don mai tafiya a ƙasa.

Sai aka koma kan memori. Bukar ya ce a ciro shi a farfasa a gabansa yanzu. Na buɗe baki zan ce aikin shekara guda ne a ciki, na rufe. Amma wani dattijo a gefe ya ce a yi hankali, in aka fasa ba a duba ba, har abada za a ce akwai abin da ke ciki, kuma sunan yarinyar ne zai riƙa yawo, ba na wannan ɗan ba. Wani ya ce to a duba mana. Bulama ya ce wa zai duba?  Shi dai ba zai duba ba. Liman ba zai duba ba. Bukar ya ce shi in ya duba ya ga abu, ba ya ɗaukar alhakin abin da hannunsa zai yi. Na ce Yaya Amina fa? Bukar ya ce ita ai 'yar'uwata ce, me za ta ce in ba babu ba. In kuma aka kai ofis, maza nawa ne za su zagaye kwamfuta? Abin ya tsaya cak. Ga abu a ƙarƙashin kwando, ba a iya fasawa, ba a iya dubawa, ba a iya miƙawa.

Muna cikin haka sai ga Inna Falmata, ungozomar, ta ratso maza ba ta ko rage tafiya ba, hannun rigarta har yanzu a jiƙe, tana ƙamshin ganyen darbejiya da hayaƙi. Rabin mutanen da ke tsaye a wurin ita ta yanke musu cibi.

Ta ce, "Ina mai abin?"

Aka nuna ni. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Wannan ne? Kai maigidana, da za ka zo zance ai sai ka biyo ta ƙofa. Saura kaɗan ka faɗa mini a tukunya."

Ta juya wajen Bulama ta ce ta ji abin da ake ta juyawa tun daga cikin gida. Ta ce jikin Yagana ba abin da ba ta gani ba, da safe ma ita ta wanke shi. A ba ta ta duba. Bulama ya dubi Bukar. Bukar ya sunkuyar da kai ya ce in Inna ce ya yarda.

Aka ɗage bulo, aka ɗage kwando, mutane suka ja baya taku biyu. Na kashe jirgin, na zaro memorin na ɗora a tafin hannuna. Inna ta sunkuyo ta ƙura masa ido.

"Duk rigimar a cikin wannan take? Ai ko ƙwayar kabewa ta fi shi."

Aka sa shi a wayar matar Bulama. A gaban kowa na koya mata da wani tsohon bidiyo na tafkin Nguru: nan za ki taɓa ya tafi, nan za ki taɓa ya tsaya, na ƙasa can shi ne na yau. Yatsanta ya bushe da aiki, gilashin ba ya jinsa, sai ta lasa ta sake dangwalawa. Da ruwa ya bayyana yana tafiya ta ja kai baya, sannan ta matso da shi har hancinta. Ta ce wannan farin me ne? Na ce balbela ce, daga sama. Ta ce, "Ashe haka bayansu yake." Ta shige cikin gidan Bulama ita kaɗai, aka ja labule.

Bidiyon ranar bai fi minti ashirin ba. Inna ta fi awa ɗaya da rabi. Rana ta take, masu kallo suka fara zamewa, aka kawo wa Bulama ruwa ya sha ya miƙa wa Bukar, Bukar ya sha ya ajiye kofin a ƙasa tsakanina da shi, bai miƙo mini ba, bai kuma hana ni ba. Jefi-jefi muna jiyo muryarta ta taga tana magana ita kaɗai, wani lokaci da Barbarci, wani lokaci da Hausa, kamar mai gaisawa da mutane a hanya. Ni kuwa, in faɗa muku gaskiya, tsoro yana cina, amma a ƙarƙashin tsoron akwai wani abu da nake jin kunyarsa. Ina ta tunanin cewa tsohuwar nan yanzu haka ta wuce wurin da wayata ta daskare.

Ta fito tana murza ido. Ta zauna a bakin dakali ba tare da an ce ta zauna ba.

Ta ce, "Bukar, ɗago kanka. Na ga hayaƙi, na ga bakin tukunya, na ga ƙeyata da ɗankwalina a karkace. Na ga akuyarku tana gudu. Matarka tana jikin zana, zanan ya rufe ta. Ko yatsanta babu. In na yi ƙarya Allah yana gani, shi da ya riga wannan abin hawa."

Bukar ya sauke numfashi, ya rufe fuska da hannu biyu.  Na miƙa hannu in karɓi memorin, don matar Bulama ta riga ta zare shi ta ba ta. Inna ta dunƙule hannunta.

"Tsaya tukuna, maigida. Na ce ba Yagana. Ban ce ba kowa ba."

Ta ce kafin ya iso gidan Bukar ya bi ta kan gida ya fi talatin, kuma duk ta gane su. Ta ga wadda ke tsefe kai a tsakar gida. Ta ga tsohon da aka fitar da shi rana ba riga. Ta ga gidan da ake ganin rufin asiri daga waje, ta ga ba a ɗora tukunya ba har hantsi. Ba ta kama suna ko ɗaya ba, amma na ga maza biyu uku a wurin sun sauya tsayuwa. Ta ce a cikin na kwanakin baya ma, na ƙauyuka, akwai inda gefen gidaje ya shigo, ta ga shanya, ta ga mata a bakin rijiyar cikin gida. Ni ban taɓa lura ba, ruwa nake kallo.

Bulama ya ce, "Habu, abin nan dukiyarka ce, ba zan ƙwace ba. Me ka ce?"

Na ce ko za a bari in kwashe na ruwan kawai, a goge sauran. Ya ce wa zai zauna ya tace, a shagon wa, a gaban wa?  Na tuna safiyar da na kama kwalekwale bakwai a jere kamar an zana su, na tuna wurin da na gano ruwa yana juyawa baya, wanda ko masuntan wurin ba su yarda ba sai da na nuna musu. Ba ni da kwafin ko ɗaya.

Na ce, "A bar wa Inna."

Ta ƙulle shi a bakin zaninta. Da la'asar, da ta hura wutar wankan yamma, ta jefa shi a murhu a gaban Yaya Amina da uwar Bukar.

Bulama bai kai ni ofis ba, amma bai ɓoye ba. Ya sa aka rubuta takarda da sunana da lambar jirgin, ya ce zai kai da kansa ya yi bayani, in dokar rajista ta zo ni ne na farko a layi. Sannan ya kafa tasa dokar a nan take, ba takarda: ba jirgin da zai ƙara bi ta kan gida a unguwarsa, ko na biki ne, kuma wanda zai tashi a bakin ruwa sai ya zo ya faɗa kwana ɗaya kafin nan. Masu bidiyon biki sun ji haushina ƙwarai, wanda ya sayar mini da jirgin ya daina amsa gaisuwata, ya ce na jawo musu ido. Har yau ina sauraron rediyo in ji yadda babbar dokar za ta fito. Na daina zaginta. Abin da nake so in gani kawai shi ne ko masu rubuta ta sun san banɗakinmu ba rufi, don duk abin da na ji suna lissafawa filin jirgi ne da bariki, irin lissafin da ni ma na yi.

Na koma Nguru washegari da jirgi a jaka, ba memori. Baba yana ƙofar gida, na gaishe shi ya amsa, bai tayar da maganar ba. Kwana huɗu ina rubuta wa Bukar saƙo ina gogewa. A rana ta biyar na tura masa wannan, yana nan a wayata har yanzu:

"Salamu alaikum Malam Bukar. Habu ne ƙanen Amina. Ina ƙara ba ka haƙuri, kai da mai jego, ka isar mini don ni ba ni da fuskar da zan zo. Ba da niyya ba ne amma sakacina ne, ba na jirgi ba. Ba zan ƙara kunna shi a cikin gari ba, ko a Gashua ko a ko'ina. Allah ya raya yaro. Abu ɗaya kuma, in ka ga bai dace ba ka share. Abin da ke ƙarshen bidiyon ba zan taɓa tambaya ba. Amma kafin jirgin ya juyo ya riga ya tsallake kachalar, kuma duk duniya Inna Falmata ce kaɗai ta ga abin da ke bayanta. In ta zo wankan yamma, don Allah ka tambayar mana ita: akwai ruwan ko babu?"